Daren da Inna ta Ƙona Bandarta

Abubuwa da yawa sun wuce ni na manta da su, har da waɗanda na rantse ba zan manta ba. Amma daren da aka haska fim ɗinmu a filin firamaren unguwarmu a Yelwan Yauri yana nan daram a raina, kuma ina jin da shi za a kai ni kabari. Ba don na fito a fim ba, domin fim ɗin bai kai ko'ina ba, kuma ni ban yi kyau a cikinsa ba. Wani abu ne na gani a jikin farin zanen da aka haska shi a kai wanda ya hana ni barin garinmu.

Ni ɗan fari ne a wurin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi: uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. To ita Inna ta ɗauki abin nan ta kai shi maƙura. Iyayen abokaina duk sun sassauta, wata ma har ta riƙe kunnen nata ɗan farin ta ja shi gida ana dariya. Inna kuwa ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban kuma taɓa kama idonta a kan fuskata ba. Idan na shigo ta ƙofa, sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Sunana a wurinta "wancan". Idan tana da magana da ni, ƙanwata take gaya wa, ko da kuwa ina zaune tsakaninsu.

Da farko abin bai dame ni ba, domin tun da aka yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni, ita kuma ta sangarta ni iya sangarta. Sai a shekarar da nake ba ku labari, ina ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai, Allah ya yi mata rasuwa, na dawo gidanmu da ledar kayana. A nan na gane cewa sanin dalilin abu daban, jin zafinsa daban. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini al'ada ce, amma idan na ga Inna tana tsefe wa ƙanwata kai suna hira, ko tana kiran ƙanena da sunan wasa, sai in ji ni baƙo ne da aka rasa yadda za a sallama. Babana masunci ne, rabin rayuwarsa a kan ruwa take, idan ya dawo barci ne a gabansa. Saboda haka na daina zaman gida. Ni da abokaina uku muka mai da dare namu.

A lokacin gari lafiya lau yake. Yanzu, tun bayan sace ɗalibai da aka yi a Birnin Yauri, babu uban da zai bar ɗansa ya yi irin yawon da muka yi, ni ma ba zan bar nawa ba. Amma mu a lokacinmu daga sallar isha'i sai mu kama hanya: tashar mota inda ake lodin albasa, gidan burodi inda ake ba mu wanda ya ƙone, teburin mai shayi, sannan mu gangara bakin ruwa. Ba sata muke yi ba, ba shaye-shaye ba, ƙafa ce kawai ba ta zama. A tashar nan ne na shirya da wani direba mai kai albasa kudu. Ya ce in jira ƙarshen kakar albasa, yaron motarsa zai bar aiki, sai in maye gurbinsa. Na ƙudura a raina cewa idan na hau motar nan, Yauri ta gama ganina.

Ana nan sai wani ɗan garinmu da ya yi karatun aikin fim ya dawo da kyamara, ya ce yana so ya ɗauki yadda gari yake da dare, ta idon yara masu yawo. Mai shayi ne ya nuna masa mu, ya ce in dai yawon banza ake nema, ga malamansa nan. Mai fim ɗin ya zo da ƙanwarsa, wata doguwar yarinya mai riƙe da ƙaramar kyamara, domin ita za ta iya shiga cikin mata. Ya roƙe mu kada mu canza komai. Washegari duk muka zo cikin kayan sallah, ɗayanmu har da baƙin tabarau da daddare. Sai da ya mai da mu gida muka sake kaya.

Mun yi dare da yawa yana bin mu, amma na ƙarshen shi ne labarin. Abokina ɗan masu jirgi ya ce ba a san Yelwa ba sai an gan ta daga tsakiyar ruwa, fitilunta jere a bakin gaɓa. Mai fim ya ji daɗin shawarar. Don mu kai inda kwalekwalen baban abokin nawa yake ɗaure, dole mu ratsa layin masu banda, inda mata ke kwana suna kyafe kifin da aka kawo da yamma. Inna tana cikinsu, sana'arta ke nan tun kafin a haife ni. Muna zuwa matan suka fara tsokanarmu, wata na cewa a ɗauke ta, wata na rufe fuska tana dariya. Inna kuwa tana hango ni ta juya baya, ta kama gyaran itace. Na wuce ta kamar ban san ta ba, amma raina ya ɓaci, ga kyamara a bayana. Ƙanwar mai fim ta ce ita ko da kuɗi ba ta shiga ruwa da dare, za ta tsaya wurin matan.

Muka tura jirgi. Lokacin cikar ruwa ne, babu wata, ga sanyi. Muka yi nisa sosai, sannan abokina ya ajiye filafili muka juya muna kallon gari. Gaskiya ya faɗa, Yelwa ta yi kyau daga can. Mai fim ya kunna 'yar fitilarsa yana haska mu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar kowa abin da yake so ya zama. Ɗaya ya ce soja, ɗaya ya ce shi dai ya sami injin jirgi. Da aka zo kaina, ɓacin ran nan bai sake ni ba, na ce ni tafiya zan yi kudu da motar albasa, kuma ba ni dawowa.

Ya ce, "Mutanen gida fa?"

Na ce, "Wa za ya biɗe ni? Wadda ta damu da ni tana ƙasa."

Ya ce, "Innarka fa?"

Na ce, "Inna? In anka jera mu goma anka ce ta hidda ɗanta, sai ta tambayi maƙwabta. Ba ta san huskata ba."

Abokaina suka yi dariya, ni ma na yi, don kada a ga abin ya kai mini zuci. Dariyar ba ta gama fita ba aka ɗauke wuta. Gari gaba ɗaya ya ɓace kamar an kife masa ƙwarya.

Da farko ihu muka yi na wasa. Sai abokina mai tuƙi ya ce jirgin ya juya tun muna hira, ruwa kuma yana jan mu, shi bai san ina ne gabas ba. Ko'ina muka duba akwai 'yan fitilu, amma tocilolin masunta ne a kan ruwa, suna motsi, ba su nuna gaɓa. Murhun banda kuma ba ya haske, domin rufe shi ake yi da kwano, hayaƙi ake so ba harshen wuta ba. Mai fim ya bar wayarsa a tudu don tsoron ruwa, kuma a nan ne ya sanar da mu cewa bai iya iyo ba. Wanda ya ce soja zai zama shi ya fara kuka. Ni ban yi kuka ba, amma na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta cin abinci.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Can sai muka ga wuta ta tashi a bayanmu, ja, doguwa, a wuri ɗaya, ba ta motsi. Abokina ya ce wannan ba ta masunta ba ce, a tudu take. Ya juya jirgi muka nufe ta, mu kuma muna taya shi da hannu. Duk lokacin da ta yi kamar za ta mutu sai ta sake tashi. Da ita muka kai gaɓa, ɗan ƙasa da layin masu banda. Ba mu tsaya tambayar wutar wace ce ba, domin baban abokina yana tsaye yana jiranmu da gorar tuƙi a hannu. Kowa ya kama gabansa, mai fim ma da kyamararsa ya fi mu gudu.

Da safe na tarar da daro cike da ƙonannen kifi a tsakar gida, baƙi ƙirin. Babana yana faɗa, yana cewa tarwaɗar da ya kwana biyu yana nema ke nan, mace ta shekara ashirin tana banda a ce wuta ta ƙwace mata. Inna ta ce iska ce. Muka yi kwanaki muna shan miya mai ɗaci, ina ci ina tsaki a raina. Ko kusa ban haɗa wannan da wancan ba. Yaro mai fushi ba ya lissafi.

Watanni suka wuce, zafi ya shigo, albasa ta kusa ƙarewa. Direba ya ce in shirya, lodin da za a yi bayan kasuwa mai zuwa da ni za a tafi. A makon nan ne mai fim ya dawo ya ce ya gama haɗawa, za a haska wa unguwa kyauta. Sai a lokacin maganar da na yi a jirgi ta faɗo mini. Tafiyata ban gaya wa kowa a gida ba, ga kuma abin da na ce game da Inna, za a sa shi a lasifika gaban matan da take kwana da su a bakin ruwa. Na same shi na roƙe shi ya cire wurin. Ya ce ba ya cirewa. Na ce to zan fasa masa na'ura. Ya dube ni ya ce, "Ka zo ka kalla har ƙarshe. In ka gama ka ga ya kamata a fasa, ni zan miƙo maka dutse."

Daren ya zo. Aka ɗaura farin zane a jikin bangon aji, aka tayar da janareta, unguwa ta fito kaf. Maza a gefe ɗaya, mata a ɗaya gefen, yara a gaba cikin ƙasa. Na yi fatan Inna ba za ta zo ba, domin ba ta zuwa taro. Sai ga ta da ƙanwata, ta zauna a bakin layin mata. Ni na tsaya can baya kusa da janareta, inda zan iya sulalewa.

Mutane sun ji daɗin farkon. Duk wanda ya ga kansa sai ya yi ihu. Mai shayi ya ga ana nuna shi yana ƙara ruwa a madara, ya tashi yana rantsuwa ana riƙe shi. Ni ba fim ɗin nake kallo ba, Inna nake kallo, kuma a nan na ga abu na farko. Duk lokacin da fuskata ta cika zanen, ba ta sunkuyar da kai. Kallona take yi sosai, har tana ɗan miƙa wuya, hasken yana kan fuskarta. Ashe hoto ba ya cikin abin da aka hana ta. Tun da nake ban taɓa ganin yadda idonta yake ba idan yana kaina, sai a daren nan, daga gefe.

Sannan aka zo jirgi. Muryata ta fito, ta fi yadda nake zato ƙarfi. Da na ce zan tafi ba ni dawowa, na ga babana ya gyara zama. Da na ce sai ta tambayi maƙwabta, babu wanda ya yi dariya a filin sai mu huɗu a cikin fim. Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi, ɗan yau." Inna ba ta motsa ba. Na ji kamar in nutse a wurin, amma wani ɓangare na zuciyata yana cewa gara ta ji.

Aka nuna ɗaukewar wuta, zanen ya yi baƙi, sai muryoyinmu da kukan soja, wanda ya sa yara dariya. Ina jiran a nuno wutar daga cikin jirgi yadda muka gan ta. Maimakon haka sai hoton ya koma tudu, ga abin da ƙanwar mai fim ta ɗauka. Matan banda suna haska tocila suna cewa yaran nan ba su dawo ba. Sai ga wata mace ta taso da sauri ta yaye kwanon da ke kan murhunta ta jefar. Ta ɗebo kara da busasshiyar ciyawa ta tura a ƙasa, ta ƙara itace, ta kama fifita da faifai. Kifin yana jere a kan ragar waya, ba ta tsaya kwashe shi ba. Man tarwaɗa ya fara ɗiga, wuta ta kama shi ta yi sama fiye da tsayin mutum. Hasken ya bugi fuskarta, kowa ya gane ta.

Abin da ya sa ba zan manta ba shi ne ƙarar da matan filin suka yi a tare. Mu maza mun ga wuta ne kawai. Su kuwa sun san abin da ake nufi da yaye murhu a tura masa kara da kifi a kai, sun san babu mai yin haka bisa kuskure. A cikin fim wata maƙwabciyarta tana ihu, "Ke, kihinki na ƙonewa! Kwashe shi mana!" Inna ta ce, "Bar shi, man shi ka riƙe wutar." Ta ci gaba da fifita, idonta a kan ruwa. Da karan ya ƙare sai ta karya kwandon da take zuba kifi ta jefa.

Aka ji muryar ƙanwar mai fim tana tambaya, "Inna, akwai naki a cikin jirgin ne?"

Inna ta ƙara fifita wutar. Sannan ta ce, "Ɗiyan mutane na ciki."

Yarinyar ta sake cewa, "Naki fa?"

Ta ce, "Ke, ɗauke abin ga daga huskata, ki kawo itace."

Hoton ya karkace, alamar yarinyar ta ajiye kyamara ta bi umarni. Abu na ƙarshe da aka nuna shi ne lokacin da aka ce ga su sun iso. Inna ta miƙe tana leƙe, leɓenta yana motsi, tana ƙirga kawunan da ke fitowa daga jirgi. Da ta kai kan wanda take nema sai ta juya baya, ta ɗauko kwano ta rufe wutar, ta durƙusa tana tsintar gawayin kifi.

Na duba wurin da take zaune, ba ta nan. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta bar filin tun kafin a gama, domin a wurinta wannan tonon asiri ne, ya fi maganata zafi. Babana ya yi ta kaɗa kai yana cewa, "Iska, wai iska." Mai fim ya zo ya tsaya kusa da ni, ni kuwa ban nemi dutse ba. Kuka nake yi, kuma na gode wa janareta da ya rufe mini asiri.

Na daɗe ina zagaye kafin in shiga gida. Na tarar da ita a tsakar gida tana wanke kwanoni waɗanda na tabbata an riga an wanke su, ƙanwata tana gefe. Na zauna a bakin ƙofa. Can sai Inna ta ce wa ƙanwata, ba tare da ta ɗago ba, "Hwaɗa ma wancan, in tahiyar ta zama dole, shi bari in yi mai banda shi tahi da ita. An ce kihin can ba shi da daɗi."

Na ce wa ƙanwata, "Ki ce mata an fasa tahiyar."

Ƙanwata ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Wai ku biyun ga ba ku jin juna ne? Ni na gaji." Inna ta ɗaga ludayi kamar za ta buge ta, amma na ga kafaɗarta tana rawa, kuma har yau ban sani ba ko dariya ce ko kuka. Ta ce, "Hwaɗa mai tuwonai na nan ruhe."

Motar albasa ta tafi da wani yaron. Ni na zauna, na koyi gyaran injin jirgi, da shi nake ci da iyalina a bakin ruwan nan. Inna ta tsufa, hayaƙi ya cinye mata ido, ta bar banda. Har gobe ba ta faɗi sunana ba, kuma na daina jira. 'Yata ta fari kuwa, sunanta ba ya barin bakin Inna daga safe har dare, wani lokaci na kan ji kamar da nawa rabon take haɗawa.

Abin da daren nan ya koya mini shi ne, na yi shekaru ina sauraron bakin Inna, alhali ita da hannu take magana. Tun daga lokacin, idan na ga mutum ya kasa gaya mini yana ƙaunata, ba na saurin yanke masa hukunci. Na kan tsaya in duba abin da ya ƙona saboda ni.